Yadda nake tace littafin da zan karanta a Goodreads, StoryGraph da Wattpad

Duk dandalin karatun da ka buɗe a intanet, tun kafin ka tambaya zai fara jero maka littattafai. Yawancin abin da ke shafin farko ko dai wanda ake yayi ne a makon, ko wanda aka kashe wa kuɗin talla. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da nake bi daki-daki in tsamo wanda ya dace da ni daga cikin wannan tarin: a Goodreads da StoryGraph in littafin Turanci ne ko na Larabci, a Wattpad kuma in na Hausa ne. Aikin yana cin yamma guda a farko, daga baya sai ya koma na minti goma a kan kowane littafi.

Da Goodreads nake farawa, don a nan jama'a suka fi yawa. An buɗe shi a 2007, Amazon ta saye shi a 2013, kuma kusan duk littafin da wani sanannen kamfanin ɗab'i ya buga yana da shafinsa a ciki. Kana buɗe asusu za a ba ka kantocin jera littattafai, manyansu uku: na waɗanda ka karanta, na wanda kake kan karantawa, da na waɗanda kake son karantawa. Dandalin yana buƙatar ka ba littafi 20 maki kafin shawararsa ta fara yin ma'ana, kuma a nan mutane suke ɓata wa kansu aiki. Mutum zai tuno duk littafin da ya taɓa burge shi ya danna masa tauraro biyar, biyar, biyar, har ya cike ashirin ɗin. Na'ura ba ta koyi komai daga wannan ba, illa cewa kana son komai. Sai ta riƙa turo maka duk abin da ya shahara.

Ni sai na cakuɗa. A cikin ashirin ɗin nakan sa aƙalla biyar da ban ji daɗinsu ba, in ba su tauraro ɗaya ko biyu ba tare da kara ba. Goodreads da kansa ya fassara taurarinsa: ɗaya na nufin bai yi mini ba, biyu ba laifi, uku ya yi mini, huɗu ya yi mini sosai, biyar kuma ya kai matuƙa. Ka ga uku ba zagi ba ne. In ka bi wannan ma'auni da gaskiya, biyar ɗinka ba za su yi yawa ba, kuma su ne za su zama alƙiblar na'urar. Littattafan da aka tilasta maka karantawa a makaranta don jarrabawa, bar su a waje, sai fa wanda ka sake ɗauka da kanka bayan an gama jarrabawar.

Mataki na biyu shi ne ƙirƙirar kantocin kanka, kuma ya fi na farko amfani. Shafin shawarwari na Goodreads yana iya ba ka shawara kanta-kanta. In ka zuba tarihi da labarin soyayya da littafin koyon kasuwanci a wuri ɗaya, abin da zai fito gauraye ne marar kan gado. Amma in ka yi kanta mai suna tarihin Afirka ta Yamma, wata kuma labarin bincike na 'yan sanda, kowace za ta jawo danginta. Gwargwadon ƙuntata abin da ke cikin kanta, gwargwadon kyan abin da za ta kawo. Nakan ƙara kanta guda ta waɗanda na fara na ajiye, don kada su zauna a cikin waɗanda nake kan karantawa har abada. Idan kuma an turo littafin da ba na so, akwai wurin dannawa a nuna ba a sha'awa. Danna shi yana da muhimmanci; in ka wuce kawai, gobe ma za ka sake ganinsa. Wannan aikin duka ya fi sauƙi a burauza, ko da ta waya ce, don manhajar wayar ba ta fito da wasu abubuwan a sarari ba.

To, an turo littafi, ko wani ya ambata maka shi. Yanzu sai tacewa, kuma a nan nake daɗewa.

Makin da ke saman shafi, irin su 4.12 ko 3.78, shi ne abin da ido ke fara kamawa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani in an ɗauke shi shi kaɗai. A lurar da na yi, galibin littattafan da ake karantawa suna tsakanin 3.5 da 4.3, don haka tazarar ba ta da faɗi. Abu na farko da nake dubawa shi ne mutum nawa suka ba da makin. Littafi mai 4.8 daga mutum 30 bai faɗa mini komai ba, domin talatin ɗin za su iya kasancewa 'yan uwa da abokan arziki. Mai 3.9 daga mutum dubu goma ya fi shi tsayuwa da ƙafarsa. Sai kuma dalilan da ke karkatar da maki ba tare da sun shafi ingancin littafi ba. Littafi na uku ko na huɗu a jerin labari kusan kullum ya fi na farko maki, saboda waɗanda na farkon bai yi musu ba sun sauka tun a hanya, masoya kaɗai suka rage suna ba da maki. Tsofaffin littattafan da ake koyarwa a makarantu kuma makinsu kan yi ƙasa, saboda ɗaliban da aka sa su dole suna huce haushinsu a kai. Littafin siyasa ko na aƙida kuwa makinsa ƙuri'ar ɓangaranci ce: magoya baya biyar, 'yan adawa ɗaya, da yawansu ko bangon ba su buɗe ba.

Saboda haka nake gangarawa ƙasa zuwa layukan nan biyar da ke nuna yadda taurarin suka rarrabu. Idan yawanci sun taru a huɗu da uku, littafi ne mai lafiya wanda bai tayar wa kowa da hankali ba. Idan biyar ta yi tsawo, ɗaya ma ta yi tsawo, tsakiya kuma ba kowa, to ko dai littafin yana da wani salo da ke raba kan masu karatu, ko kuma rigima ce ake yi da marubucin. Kwanan watan sharhin ne ke bambance su. Goodreads yana barin a ba littafi maki tun kafin ya fito kasuwa, kuma an sha amfani da wannan ƙofar a yi wa marubuci taron dangi. A Disamba 2023 wata sabuwar marubuciya a Amurka ta amsa cewa ta buɗe asusun bogi tana zuba wa littattafan takwarorinta tauraro ɗaya, har kamfanin da zai buga nata ya fasa. In na ga tarin tauraro ɗaya duk a cikin kwana biyu ko uku, gajeru, ba mai ambaton abin da ke cikin littafin, ba na lissafa su. Haka ma tarin biyar da suka zo kafin ranar fitowa: da yawansu daga waɗanda aka ba kwafin kyauta ne don su yi sharhi, kuma masu gaskiyar cikinsu sukan faɗi haka a layin farko ko na ƙarshe.

Sharhin da nake karantawa da gaske shi ne na masu tauraro uku. Ana iya danna layin ukun a ware su kaɗai. Mai biyar yana cikin shauƙi, mai ɗaya yana cikin fushi, mai uku ne ke zama ya ce farkon ya yi kyau, tsakiya ta ja ƙafa, ƙarshen an yi gaggawa. Guda biyar ko shida sun isa. Abin da nake nema shi ne ƙorafin da ya maimaitu, sannan in tambayi kaina ko wannan ƙorafin aibi ne a wurina. In mutum huɗu sun ce littafin tarihi ya cika kawo hujjoji da sunayen majiya, ni wannan talla ce aka yi mini. In sun ce marubucin ya maimaita magana ɗaya a babi goma sha biyu, na gode, na wuce. Akwai kuma akwatin binciken kalma a cikin sharhi. In wani abu ne takamaimai ke damuna, kamar ingancin fassara ko yawan batsa, sai in rubuta kalmar in ga abin da aka ce a kai.

Wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba: Goodreads yana haɗe makin duk bugun littafi a wuri ɗaya. Asalin littafin, fassararsa zuwa harsuna daban-daban, bugun da aka taƙaita wani lokaci, da wanda ake saurare, duk maki ɗaya suke ci. Wani zai ba da tauraro biyu don muryar mai karantawa ba ta yi masa ba, alhali kai na takarda za ka saya. Wannan ya fi tsanani a littattafan Larabci da waɗanda aka fassara, inda bugu biyu na littafi ɗaya za su iya bambanta ƙwarai wajen tahƙiƙi, wato tantance rubutun asali, da yawan kurakuran ɗab'i. Maganinsa a shiga jerin bugu, a duba sunan mai fassara ko mai tahƙiƙi da maɗaba'a da shekara, a kwafe lambar ISBN, wato lambar shaidar bugu, ta wanda aka yaba, mai lamba 13 in bugun daga 2007 ne zuwa yau. Da ita za ka nema a kanti, ba da suna kawai ba. A littattafan addini kuwa ban ɗauki taurari a bakin komai ba. Shafin yana taimaka mini in san bugu nawa ake da su, amma wanne za a karanta, wannan tambayar malami ce.

Duk wannan tacewa ce. Inda ake samun shawarar kirki shi ne wajen mutane, kuma dandalin yana da hanyar nemo su. Nakan buɗe shafin wani littafi da nake matuƙar so wanda bai shahara ba, don wanda kowa ya karanta ba ya bambance kowa. Sai in duba waɗanda suka yi masa dogon sharhi mai ma'ana, in shiga shafin mutum, in danna wurin kwatanta littattafai. Goodreads zai nuna littafi nawa muka yi tarayya a kai, da makin da kowannenmu ya bayar gefe da gefe. Ba yawan abin da muka so tare nake dubawa ba. Nakan duba ko mun ƙi abu ɗaya tare, musamman littafin da duniya ke yabo. In na samu wanda muka yi tarayya a littafi 15 ko fiye, muka kuma dace a irin wannan, sai in bi shi, in buɗe kantarsa in jera ta daga mafi maki zuwa ƙasa. Abin da ya ba biyar wanda ban karanta ba, shi ne jerin sayayyata. Mutum uku ko huɗu irin wannan sun wadatar. In suka kai hamsin, shafinka zai koma hayaniya kamar na kowa.

Jerin Listopia, wanda masu karatu ke haɗawa da ƙuri'a, yana da amfani in takensa ƙunci ne, kamar littattafan tarihin wata daula ko labaran da aka gina a wani gari. Manyan jerin masu cewa mafi kyawun littattafan duniya, ba abin da ke ciki sai abin da ka riga ka sani. Gasar da dandalin ke yi duk ƙarshen shekara ma haka take, farin jini take aunawa.

StoryGraph, wanda Nadia Odunayo ta kafa a 2019, ta wata fuskar ya ɓullo wa lamarin. Ba sai ka sake shigar da komai da hannu ba: a Goodreads, cikin shafin littattafanka a burauza, akwai wurin fitar da kundinka a fayil na CSV, sai ka loda shi a StoryGraph, kantoci da maki duk su biyo ka. A duba bayan an loda, don wani lokaci yakan ɗauko bugun da ba shi ba ne. Abin da ya fi Goodreads da shi, yana tambayar masu karatu yanayin littafi: mai ban dariya ne, mai sa tunani, mai ban tausayi ko mai tayar da hankali, tafiyarsa a hankali take, matsakaiciya ko da sauri, labarin ne ke jan littafin ko halayen mutanen ciki. Don haka kana iya cewa a ba ka gajeren littafi, ƙasa da shafi 300, mai sauri, mai ban dariya, ya kawo. Yana karɓar rabin tauraro har da rubu'i, kuma masu karatu suna saka gargaɗi a kan abin da ke ciki, kamar fyaɗe, kisan kai ko batsa, da nuna ko a fili aka zayyana shi ko ambato kawai aka yi. Ga wanda zai saya wa ɗansa ko ƙanwarsa littafi, wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe asusu. Rauninsa jama'arsa ba su kai na Goodreads ba, don haka littattafan Afirka da na Larabci da yawa za ka tarar ba wanda ya cike musu waɗannan bayanan. Mai karanta Faransanci, kamar 'yan uwanmu na Nijar, dandalin Babelio ya fi masa duka biyun yawan sharhi a harshen, kuma duk abin da na faɗa game da taurari yana aiki a can.

Littattafan Hausa sha'aninsu daban. Kaɗan ne ke da shafi a Goodreads, waɗanda ke da shi ma sau da yawa maki biyu ko uku ne a kai. Marubutan onlayin a Wattpad suke, da ArewaBooks, da zaurukan WhatsApp da Telegram. A Wattpad ba taurari, sai lamba uku: yawan karatu, yawan ƙuri'a da yawan babi. Nakan nema da alamar #hausa ko #hausanovels, in zaɓi a nuna mini waɗanda aka kammala kawai.

Lambar karatun nan tana ruɗar mutane. Wattpad yana tara karatun kowane babi ne ya ba da jimla. A ce labari yana da karatu 200,000 da babi 80. In ka raba, mutum 2,500 ke nan a kowane babi, ba dubu ɗari biyu ba. Wani mai karatu 60,000 da babi 15 ya fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Abin da ya fi wannan lissafin ma shi ne a buɗe babi na farko a ga lambarsa, a buɗe na tsakiya, a buɗe na kusa da ƙarshe. Kowane labari yana zubar da mutane bayan babin farko, wannan ba komai ba ne. Amma in daga babi na biyar zuwa na ƙarshe lambar ta tsaya kusan wuri ɗaya, marubuciyar ta riƙe masu karatunta. In kuwa ta yi ta zubewa har ya rage kashi ɗaya cikin goma, labarin ya saki a tsakiya, galibi saboda an ja shi fiye da ƙima. Matsayin da ake nunawa, wai na ɗaya a kaza, kada ya ɗauke maka hankali. A alamar da labari goma ne kacal ke amfani da ita, zama na ɗaya ba wuya.

Kafin in fara, nakan leƙa babin ƙarshe, ba don in ga yadda aka ƙare ba, don in tabbatar an ƙare. Marubuta da yawa sukan saki shafukan kyauta, sai labari ya ɗauki zafi a sanar cewa littafin kuɗi ne, ci gaba sai an biya. Ba laifi ba ne, guminsu ne, amma gara ka sani tun farko ka yanke shawara. Wasu kuma an watsar da su ne kawai. In rabon da a saka sabon babi ya kai shekara, kada ka sa rai. Sharhin da ke gefen sakin layi ma ina dubawa. Tarin "Allah ya ƙara basira" da "muna jiran ci gaba" alamar ƙauna ce, amma ba ta gaya mini komai game da labarin. Inda na ga masu karatu suna gardama a kan abin da wata ta yi wa kishiyarta, ko suna kama marubuciya da cewa abin da ta faɗa a babi na tara ya saɓa da na talatin, na san ana karanta labarin da hankali. Daga nan sai in shiga shafin mai irin wannan sharhin in duba jerin karatunta, don a Wattpad jerin da mutum ya haɗa galibi a buɗe yake ga kowa. Dabarar dai ita ce ta Goodreads, a nemo mai karatun kirki a bi sawunsa. A kula kuma da shafukan da ke kwaso littattafan mutane su lafta ba izini, wani lokaci har da sauya suna. Shafin da ke da littafi arba'in masu salo daban-daban, kuma ba ya amsa wa kowa sharhi, da wuya ya zama na marubuci.

Matakin ƙarshe kafin kuɗi su fita daga aljihu shi ne ɗanɗano, yadda mai sayen gyaɗa ke ɓare ɗaya kafin a auna masa. Kindle na Amazon yana ba da kusan kashi 10 cikin 100 na farkon littafi kyauta, Google Play Books ma yana ba da samfuri. A littafin labari, wannan ya isa ka ji ko muryar marubucin za ta zauna maka. A littafin ilimi kuwa samfurin kan ƙare a gabatarwa da godiya, don haka jerin abubuwan da ke ciki nake karantawa da kyau, in ga ko babi-babin suna ci gaba ne ko suna zagaye wuri ɗaya. Tsohon littafin da haƙƙin mallakarsa ya ƙare, a fara duba Project Gutenberg, mai littafi sama da 70,000 kyauta. Open Library ma yana ba da aron littattafai ta intanet, sai dai an cire littattafai sama da 500,000 daga cikinsa bayan shari'ar da kamfanonin ɗab'i suka yi nasara a kan mai shi, Internet Archive, a 2023. Sannan a tabbatar littafin ana sayar da shi a ƙasar da kake, kuma katin bankinka yana biya a waje, tun kafin ka ƙwallafa rai.

A Goodreads, kantar waɗanda nake son karantawa ba na barinta ta wuce littafi 30. Na'urar tana kallon abin da ke cikinta wajen ba da shawara, don haka in ta cika da abin da aka danna cikin sha'awar minti ɗaya, shawarar ma sai ta lalace. Duk wanda zan saka, sai na rubuta a wurin bayanin sirri wa ya ba da shawararsa da dalili, a layi ɗaya. Bayan na karanta sai in koma in duba: wanda shawararsa ta faɗi sau uku a jere, na daina binsa, in nemi wani ta hanyar kwatanta littattafan nan.